Mutum Ne: Yabon Da Ba Ya Sayuwa



Akwai wata magana da muke yi kullum, amma ba safai muke tsayawa mu auna nauyinta ba. In aka ambaci sunan wani a zaure, sai ka ji dattijo ya gyara zama ya ce, "Ai wane mutum ne." To, da can wa ya ce doki ne? Kowa ya san yana da kai da ƙafafu kamar na kowa. Amma duk wanda ke zaune a wurin ya gane abin da dattijon yake nufi, ba ya kuwa bukatar a ƙara masa bayani. Haka kuma in aka ce, "Wane ba mutum ba ne," to an gama da shi ke nan, ko da yana da gidan sama da mota uku a ƙofar gida.

Na daɗe ina tsammani mu kaɗai ke da wannan irin magana, sai karatu ya kai ni ga wata al'umma mai nisa da mu, wadda ita ma ta ɗauki kalmar nan "mutum" ta mai da ita yabo mafi girma da za a yi wa ɗan Adam. Su ne Yahudawan Turai masu magana da harshen Yidish. Labarinsu nake so mu duba a wannan wata, gama sun yi tunani mai zurfi a kan tambayar da ke jiran kowannenmu, wato, ran da ba ka nan, me za a ce da kai?

Mutanen da harshensu

Yidish ya fara tsiro ne wajen shekara 1000 da suka wuce, a cikin Yahudawan da suka zauna a ƙasar Jamus. Tushensa Jamusanci ne na dā, aka gauraya shi da kalmomin Ibraniyanci da Aramiyanci na littattafan addininsu. Da tsanani ya kora su gabas, zuwa Polan da Lituweniya da Yukren, sai harshen ya kwashi kalmomin mutanen can kuma. Da haruffan Ibraniyanci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu, kamar yadda aka daɗe ana rubuta Hausa da ajami. Ibraniyanci shi ne harshen addu'a da karatu, Yidish kuwa shi ne na gida da kasuwa, wanda uwa take lallashin ɗanta da shi, take kuma tsawata masa.

Yawancinsu talakawa ne mazauna ƙananan garuruwa: teloli, dukawa, masu tallan kaya, 'yan garuwa, da malaman yara. Sun sha wahala a hannun maƙwabtansu, an hana su gonaki da sana'o'i da yawa, an riƙa kai musu farmaki ana ƙone musu gidaje. Abin kunya ne, amma gaskiya ce, da yawa cikin masu yi musu haka suna amsa sunan Kirista. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin Yidish sun kai wajen miliyan 11. Tsakanin 1939 da 1945 gwamnatin Hitila ta hallaka Yahudawa miliyan 6, yawancinsu kuwa masu wannan harshe ne. Duk da haka harshen bai mutu ba. A 1978 Isaac Bashevis Singer, wanda ya yi rubuce-rubucensa da Yidish, ya karɓi kyautar Nobel ta adabi, har yanzu kuma akwai unguwanni a Niyok da Urushalima da Landan inda yara suke tashi da shi a bakinsu.

Kalmar da kanta

Kalmar ita ce *mensh*. A Jamusanci ma'anarta ɗan Adam kawai, ba ƙari. Amma a bakin mai jin Yidish ta ɗauki kaya mai nauyi. Mensh shi ne wanda za ka ba shi amana ka yi barci, wanda in ya ce e to e ɗin ce, wanda ba ya taka na ƙasa da shi, in kuwa ya yi maka alheri ba zai yi maka gori ba. Namiji da mace duk ana kiransu da ita. Daga cikinta suka fitar da *menshlekhkayt*, wadda ta yi daidai da abin da muke kira mutunci ko mutuntaka.

A gida ake fara jin kalmar. Yaro ya ƙi gaishe da baƙo, ko ya cinye rabon ƙanensa, ko ya yi wa gurgu dariya, sai uwa ta ce masa ya zama mensh. Saurayi ya kama sana'a ya fara ɗaukar nauyin kansa, sai a ce ya zama mensh. Wannan yana nuna mana cewa a wurinsu haihuwa ba ta isa ta mai da kai mutum ba. Abu ne da ake zama, a hankali, da tarbiyya da zaɓin da kake yi kowace rana.

Ku lura kuma, suna da waɗansu kalmomin girmamawa dabam. Suna da ta mai ilimi, gama al'umma ce mai ɗaukaka karatu ƙwarai. Suna da ta attajiri. Suna da *yikhes*, wato asali, wanda ake bincika sosai lokacin neman aure. Suna da *tsadik*, wato adali, mutumin Allah. Amma duk waɗannan ba su ne mensh ba. Ana iya samun malami wanda ya haddace littattafai, a ce da shi ba mensh ba ne. Ana iya samun ɗan garuwa wanda bai iya rubuta sunansa ba, gari duka ya shaida shi mensh ne. Ba a gadon wannan suna, ba a sayensa, mutum kuma ba ya naɗa wa kansa. Wanda ya tashi ya ce shi mensh ne, to a nan take ya nuna bai kai ba tukuna. Bakin waɗansu ne yake faɗa, yawanci ma a bayan idonka.

Tushen wannan tunani tsoho ne. Mu ma mun san yadda Littafin Misalai sura 22 da Mai-Wa'azi sura 7 suka fifita suna mai kyau a kan dukiya da mai mai tsada. Hillel, babban malaminsu wanda ya rayu a Urushalima dab da zamanin haihuwar Almasihu, ya koyar cewa in ka sami kanka a wurin da kowa ya yar da mutuntaka, to nauyin ya dawo kanka. Ba ka da hujjar cewa ai kowa ma haka yake yi.

Da me ake auna shi?

In ka saurari labaran da suke ba 'ya'yansu, za ka ga kusan dukansu a wuri ɗaya suke gwada mutum: yadda yake yi da wanda ba shi da ƙarfin ramawa ko sākawa.

Akwai wani malami, Isra'ila Salanter, mutumin Lituweniya, wanda ya rasu a 1883. Shi ne ya kafa wata hanyar koyarwa da ake kira Musar, wadda ta nace cewa gyaran hali karatu ne mai zaman kansa, sai an ba shi lokaci kamar sauran darussa. Ana ba da labari cewa almajiransa za su tafi lura da toya gurasa marar yisti ta Idin Ƙetarewa, aikin da yake da dokoki masu tsanani. Suka tambaye shi wace doka za su fi kiyayewa. Ya ce musu su kiyaye kada su daka wa matan da ke kwaɓa gari tsawa, gama yawancinsu gwauraye ne matalauta. Ana kuma faɗi cewa an ga yana wanke hannu kafin cin abinci da ruwa ɗan kaɗan, aka tambaye shi dalili, ya nuna yarinyar gidan da take ɗebo ruwan daga rijiya mai nisa. Bai ga dalilin da zai sa ya ƙawata ibadarsa da wuyan wata ba. A 1848, sa'ad da annobar kwalara ta faɗa wa birnin Vilna, ya shirya samari su yi jiyyar marasa lafiya, ya kuma ce wa jama'a kada su jefa ransu cikin haɗari saboda azumin Ranar Kafara.

Wani kuma shi ne Isra'ila Meir Kagan na garin Radin, wanda ya rasu a 1933. A 1873 ya buga littafi sukutum a kan zunubin harshe, wato gulma da ɓata suna. Matarsa tana da ɗan kanti, ana kuwa tunawa da shi a kan yadda yake bin ma'auni da sikeli yana dubawa, don kada a tauye wa mai saye ko ƙwaya ɗaya. Malamansu na dā sun kwatanta kunyata mutum a gaban jama'a da zub da jini, gama fuskarsa takan yi fari kamar jinin ya tsiyaye. Malamai 'yan'uwana, da iyaye masu zagin yaro a gaban abokansa, wannan tamu ce.

Ko kyauta ma sun jera ta hawa-hawa. Musa ɗan Maimun, masani kuma likita wanda ya rasu a Masar a 1204, ya lissafta matakai 8 na taimakon matalauci, Yahudawan Turai kuwa sun riƙe koyarwarsa. Na can ƙasa shi ne bayarwa da ɓacin rai. Can sama akwai bayarwar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa kuma bai san mai bayarwa ba. Na bisa duka shi ne ka ba mutum rance, ko jari, ko aiki, har ya tsaya da ƙafafunsa ya daina roƙo. Saboda haka kusan kowane gari yana da ƙungiyar ba da rance ba ruwa. Da suka yi ƙaura zuwa Amurka suka tafi da al'adar, suka kafa irin wannan ƙungiya a Niyok a 1892, tana nan tana aiki har yau. A cikin gida kuma akwai ɗan asusun gwangwani da suke kira *pushke*. Ran Jumma'a da yamma, kafin uwa ta kunna kyandir na Asabar, sai ta jefa 'yan kuɗi a ciki, yara suna kallo.

Marubucinsu I. L. Peretz, wanda ya rasu a Warso a 1915, yana da wani gajeren labari da yaransu suka sani. Malamin wani gari yakan ɓace da asuba a kwanakin tuba, jama'a suna cewa sama yake hawa ya yi musu roƙo. Wani baƙo mai gardama ya ƙi yarda, ya ɓuya ya bi sawunsa. Sai ya ga malam ya sa tufafin baƙauye, ya shiga daji ya faskara itace, ya kai wa wata matalauciya marar lafiya. Don kada ta ji kunya, ya ce sayar mata yake yi bashi, ya durƙusa ya hura mata wuta, ya tafi ba ta san ko wane ne ba. Daga ran nan baƙon bai ƙara yi wa maganar hawa sama dariya ba, gama a ganinsa abin da ya gani ya yi daidai da hawan, in ma bai fi ba.

Suna kuma da wani tsohon zance cewa a kowane zamani akwai adalai 36 a ɓoye, waɗanda saboda su ne duniya take tsaye. Ba wanda ya san su. A tatsuniyoyinsu sukan zama baduku ko mai faskare ko ɗan garuwa. Amfanin zancen a fili yake. Tun da ba ka san su ba, sai ka girmama kowa, gama mai yiwuwa ne tsohon da ka hantara a bakin kasuwa yana cikinsu.

Ranar da ake tuɓe kome

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suka shirya al'adun mutuwa, har ya zama ba abin da ya rage wa mamaci sai halinsa.

Kowane gari yana da ƙungiyar masu wanka da binne gawa, ana kiranta ƙungiya mai tsarki. Maza su wanke maza, mata su wanke mata. Shiga cikinta daraja ce babba. Suna kiran aikin alheri na gaskiya, domin shi ne alherin da ka tabbata wanda ka yi wa ba zai taɓa sāka maka ba, ko godiya ba zai yi ba.

Attajiri da matalauci, da farin likkafani iri ɗaya ake rufe su, marar ado, in da akwati kuma na katako ne marar kwalliya. Littattafansu sun ba da dalili. A dā tsadar jana'iza ta kai inda dangi sukan ji nauyinta fiye da mutuwar kanta, har waɗansu su bar gawa su gudu don kunya. Sai wani shugabansu mai suna Gamaliel, na gidan Gamaliel ɗin nan da muka sani a Ayyukan Manzanni, ya bar wasiyya a binne shi da lilin marar tsada. Da babba ya yi haka, kowa ya sami sauƙin bi. Suna da karin magana irin tamu, cewa likkafani ba shi da aljihu. Ko a ziyarar kabari, ba furanni suke kaiwa ba bisa ga al'ada. Ɗan dutse mutum yake ɗauka ya ajiye a kai, shaidar cewa wani ya zo, wani ya tuna.

Akwai kuma jawabin da ake yi a kan mamaci. Littafin dokokinsu, wanda aka fara bugawa a 1565, ya ce a faɗi alherin mutum, an yarda a ɗan ƙara kaɗan, amma an hana zuba yabon da ba shi da tushe, har an ce laifi ne ga mai faɗa. Ku yi tunanin wannan. In an hana ƙarya a bakin kabari, to sai mutum ya tanadar wa masu jawabi abin da za su faɗa tun yana da rai. Dukanmu mun taɓa zama a jana'izar da mai magana yake ta kewaye-kewaye, yana lissafta muƙamai da makarantu da ƙasashen da marigayi ya je, jama'a kuwa sun sunkuyar da kai, kowa ya san abin da ba a faɗa ba.

Bayan binnewa sai zaman makoki na kwana 7. Masu makoki su zauna a ƙasa ko a kan gajerun kujeru, maƙwabta su kawo musu abincin farko. 'Ya'ya sukan yi wata 11 suna karanta wata addu'a da ake kira Kadish. Abin mamaki, addu'ar ba ta ambaci mutuwa ba ko sau ɗaya, yabon Allah ce daga farko har ƙarshe. Ba a kuma yin ta sai mutum 10 sun taru, saboda haka mai baƙin ciki ba shi da damar kulle kansa a ɗaki, dole ya fito cikin jama'a.

Yadda suke riƙe suna

Kowace shekara, ranar da mutum ya rasu, iyalinsa sukan kunna kyandir mai ci dare da rana. Sunan ranar *yortsayt*. A ran nan ake ba da sadaka da sunansa, ake ba jikoki labarinsa. Yahudawan nan kuma ba sa sa wa jariri sunan dangin da ke da rai, sai na wanda ya rasu. Mu da muke da su Abba da Ummi a gidajenmu mun san daɗin mai da suna. Amma a wurinsu, tun da sai bayan mutuwa ake yi, abin ya zama kamar hukunci. Iyaye sukan zaɓi sunan wanda suke so ɗansu ya yi kama da shi, yaro kuma ya tashi yana jin labarin mai sunansa har ya gaji.

Waɗansu sukan bar wa 'ya'yansu wasiyyar hali, ban da ta dukiya. Wata 'yar kasuwa ta birnin Hambug, Glikl, mijinta ya rasu a 1689 ya bar ta da 'ya'ya da yawa da harkar ciniki. A 1691 ta fara rubuta labarin rayuwarta da Yidish, don 'ya'yanta su san daga inda suka fito, su kuma riƙe gaskiya a sha'anin kuɗi. Yau fiye da shekara 300 ke nan, ana karanta ta.

Mashahurin marubucinsu mai ban dariya ya ɗauki sunan alƙalami Sholem Aleichem, wato gaisuwarsu ta yau da kullum, 'yar'uwar salamu alaikum. Ya taɓa yin arziki, ya yi hasararsa a kasuwar hannun jari a 1890. Ya rasu a Niyok a watan Mayu 1916, mutane wajen 100,000 suka fito jana'izarsa. A wasiyyarsa ya roƙa kada a binne shi cikin manya da masu kuɗi, a sa shi cikin talakawa ma'aikata. Ya kuma ce ranar tunawa da shi iyalinsa su taru su karanta ɗaya daga labaransa, su zaɓi mai ban dariya, da kowane harshe suka fi ji. Zuriyarsa sun riƙe wannan shekara da shekaru.

Bayan 1945, waɗanda suka tsira suka waiwaya suka ga garuruwansu babu su, yawancin matattunsu ko kabari ba su da shi. Sai mutanen kowane gari, a Amurka da Isra'ila da Ajantina, suka tara kuɗi suka buga littafin tunawa da garinsu. Irin waɗannan littattafai ɗaruruwa ne. A ciki akwai taswirar tituna da jerin sunayen waɗanda aka kashe. Akwai kuma shafuffuka a kan mutanen gari, ba malamai da attajirai kaɗai ba, har da ungozoma, da malamin yara, da ɗan garuwa, da matar da take zagawa tana tara abincin Asabar don gidajen da ba su da shi. Gidaje sun ƙone, kantuna sun zama na waɗansu, amma wanda ya tsira bai manta da wanda ya taɓa rufa masa asiri ba.

Yana da tsada

Kada wani ya ce wannan labarin mutanen dā ne, ko kuwa ya ɗauka mutunci kullum yana biyan mai shi da riba. Ga wani misali na zamaninmu.

A jihar Masacusets ta Amurka an taɓa yin wata masaƙa mai suna Malden Mills, wadda wani Bayahude ya kafa a 1906. Ran 11 ga Disamba 1995 gobara ta cinye manyan gine-ginenta. A daren nan mai masaƙar, Aaron Feuerstein, jikan wanda ya kafa ta, yana bikin cika shekara 70. Yana da hanya mai sauƙi a gabansa. Zai iya karɓar kuɗin inshora ya huta, ko ya kwashe aikin ya kai inda lada yake da araha, kamar yadda masaƙu da yawa na yankin suka riga suka yi. Ma'aikata wajen 3,000 ne, ga sanyin hunturu, ga Kirsimati saura mako biyu.

Sai ya tara su ya ce zai sake gina masaƙar a wurin, zai kuma ci gaba da biyansu albashi ko da ba aiki. Ya yi watanni yana biya, abin da ya ci wajen dala miliyan 25. Ya ce addininsa ne ya koya masa kada a zalunci ma'aikaci. 'Yan jarida suka sa masa suna Mensh na Malden Mills.

Ƙarshen labarin bai zo yadda muke so ba. Bashin sake gini ya yi nauyi, ciniki ya ja baya, masu kaya masu araha suka cika kasuwa. A 2001 kamfanin ya kasa biyan bashi, daga baya kuma ya fita daga hannunsa. Waɗansu masana ciniki suka ce da ya yi lissafi da kansa maimakon zuciyarsa, da bai rasa gadon kakansa ba. Mai yiwuwa suna da gaskiya ta wajen lissafi. Da aka tambaye shi daga baya, bai nuna nadama ba. Ya rasu a watan Nuwamba 2021 yana da shekara 95, jaridun da suka ba da labarin rasuwarsa kuwa da abu ɗaya suka fara, wato albashin nan da ya biya. Masu masaƙu nawa ne suka kwashe kuɗinsu lafiya suka tafi? Wa ya san sunayensu yau?

Mu fa?

Ban kawo wannan don in ce kowane mai jin Yidish mutumin kirki ba ne. Su da kansu suna da kalmomi barjak na zagin macuci da marowaci da mai girman kai, wanda ya nuna suna da su da yawa kamar kowace al'umma. Abin da na gani a wurinsu shi ne sun san abin da suke nema, sun ba shi suna, sun kuma gina al'adunsu yadda yaro ba zai girma bai ji shi ba.

Mu ma muna da kalmar. Har wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya buga nazari a 1974 a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, ya lissafta gaskiya da amana da karamci da haƙuri da kunya da sauransu. Tambayar ita ce ko muna faɗa wa 'ya'yanmu. In yaro ya kawo sakamakon jarrabawa, ido yakan tafi kan na nawa ya zo. Iyaye nawa ne suke duba layin da malam ya rubuta a kan halinsa? Yaro kuwa ba wawa ba ne, yana ganin inda idon ubansa ya tsaya, a nan zai sa ƙarfinsa. Yana kuma jin yadda uwarsa take magana da 'yar aiki, yana ganin ko an biya lebura kafin rana ta faɗi, yana lura da mudun da ake saye da shi da wanda ake sayarwa da shi.

Ga ɗan aiki na ba kowane gida kafin wata ya ƙare. Bayan cin tuwon dare, ku tambayi yara wane ne a unguwarku suke gani mutum ne, su kuma faɗi dalili. Kada ku taya su. Za ku yi mamakin sunan da za su kira, da ƙanƙantar abin da suka riƙe. Sa'an nan ku ba su labarin wani naku da ya riga mu, kaka ko maƙwabci, wanda kuke so su yi kama da shi, ku faɗi ainihin abin da ya yi, da ranar, da wanda ya yi wa. In dare ya yi kowa ya kwanta, maigida da uwargida su tambayi kansu a ɓoye: da yaran maƙwabta aka yi wa tambayar nan, za su kira sunana?